Lambar Wayata a Bayan Faranti

Duk wanda ya zo shagona a Gusau neman koyon aikin sola, tambayarsa ta farko ɗaya ce: yaushe zai fara hawa rufi. Ta biyu kuma, me ya sa ba ni da allon talla a ƙofar shago, ba na kuma rubuta lambar wayata a jikin aikina kamar sauran masu sana'a. Ta farkon tana da sauƙin amsa: sai ranar da ka daina riƙe filaya kamar mai riƙe cokali. Ta biyun ce na daɗe ina kauce mata. Amma tunda kun matsa, ku ajiye wayoyinku ku saurara. Sai dai zan fara da aikin kansa, don wanda bai san shi ba ba zai gane abin da ya faru ba.

Kun ga bidiyo a waya, an ɗora farantin sola, an ja waya biyu, fitila ta kama, kuka ce ai wannan cin banza ne. Ni ban fara da faranti ba. Na fara ne a hannun Malam Bawa, mai saka wayar wuta a gidaje da gyaran janareta, Allah ya jiƙansa. Na daɗe a wurinsa ban taɓa komai ba sai tsani, ina riƙe masa. Da ya ga ban gudu ba, ya ba ni reza da guntayen waya, ya ce in yi ta fere su har in iya cire roba ban yanke silin tagulla ko ɗaya ba. In ya samu sili ɗaya a ƙasa, sai ya ɗaga shi a gaban mutane ya ce, “Ku ga gashin da Isa ya aske yau.” A wurinsa na ɗauki wata ɗabi'a da ban bari ba har yau: duk wayar da ke ɓangaren alamar ƙari, ta batir ce ko ta faranti, sai na naɗa mata jan salatif a baki, ko da robarta ja ce tun daga kanti. Ya ce ido yakan gaji, rana takan cinye launin roba, amma abin da ka naɗa da hannunka ba ka manta shi.

Aikin sola na farko da na yi a kasuwar Mada ne, na wani mai cajin waya da janareta ya ishe shi. Faranti biyu, batir ɗaya, da ƙaramar kwantirola, wato ɗan akwatin nan da ke tsakanin faranti da batir yana daidaita wutar. Ranar kasuwa mutane suka yi ta leƙa bayan rumfar suna neman inda aka ɓoye injin. Kafin kaka ta zagayo, rumfunan caji na layin nan duk sun kira ni. Da man fetur ya yi tsada, sai manoman rani na bakin gulbi a Bungudu suka taso. Mutumin da a da yake raba albasarsa da mai gidan mai, yanzu rana ce ke ja masa ruwa kyauta. Akwai wata Hajiya a Bungudun da na haɗa wa firiza, ta fara da ƙanƙara, ta ƙara da zoɓo da kunun aya, yanzu matan unguwarsu da dama a gidanta suke samun na cefane. Masu walda suka samu aikin ƙera ƙafafun faranti, masu mashin suka samu dakon kaya, masu kanti suka cika shagunansu da waya. Ban taɓa ganin sana'ar da ta ja mutane da yawa a bayanta kamar wannan ba.

Masu ba da aiki kuwa, sai kun yi haƙuri da su. Wani Alhaji a Tsafe ya kira ni yana faɗa, wai na sa masa batirin banza, kafin isha'i wuta ta ɗauke. Na je na tarar da tsofaffin ƙwayayen fitila masu zafi a kowane ɗaki, ga dutsen guga a jone, ga abin dafa ruwa. Ya ce in ƙara masa faranti. Na ce, “Alhaji, randarka na yoyo, kai kuma kana cewa a ƙaro ruwa.” Na canza masa ƙwayayen da masu ƙarancin ci, na roƙi uwargidansa ta riƙa guga da hantsi lokacin da rana ke da ƙarfi. Ban ƙara masa ko faranti ɗaya ba, bai kuma sake kira da faɗa ba. Rabin aikin nan rage ɓarna ne, amma ku ba ku son wannan rabin, don ba a ɗaukar hotonsa.

Ga abin da nake so ya zauna muku a kai. Faranti ba shi da makunni. Muddin rana na dukansa, yana ba da wuta, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. In ka jera farantai da yawa, wannan yana shiga wancan kamar sarƙa, ƙarfinsu taruwa yake yi, kuma da tsakar rana wannan wutar in ta kama mutum ba ta saki. Don haka kafin ka taɓa waya, ka rufe fuskar farantin. In za ka haɗa kwantirola, batir ake fara jonawa, sannan faranti. Wanda ya juya wannan tsari zai ji ƙauri, ya ga hayaƙi, ya koma gida da kunya. Ni na ga ranar da kunya ce mafi ƙanƙantar abin da zai biyo baya.

Abokin aikina shi ne Lawali, mai walda a Tsafe. Sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo. Shi ke ƙera mini ƙafafun da ake ɗora farantai, ya kuma bi ni mu kafa su. Ƙarfen da Lawali ya ɗinke, iskar farkon damina ba ta girgiza shi. Amma waya, ko kusa. Mutumin da ke wuni da tartsatsin walda a fuska, in na miƙa masa bakin waya ya riƙe mini sai ya ja da baya ya ce, “Wutar da nike gani ita nika wasa da ita. Taku wadda ba a gani, ku riƙe abinku.” Na sha yi masa tsiya a kan wannan, shi kuma ya rama da cewa ban iya riƙe guduma ba.

Akwai wani ƙauye a bayan 'Yandoto, ba zan faɗi sunansa ba. Matansu a rafi suke ɗebo ruwa, rafin kuma yana bakin daji, an sha ɗauke mata a can. Mutanen garin suka haɗa ƙarfi suka haƙa rijiyar burtsatse a tsakiyar gari, suka kira mu mu sa mata famfo mai aiki da rana. Lawali ya ƙera dogon ƙarfe, muka jera farantan a kai, na haɗa su sarƙa don famfon yana son wuta mai ƙarfi. Da ruwa ya fara zuba a tanki, wata tsohuwa ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta yi ta sa mana albarka har muka ji nauyi. Kafin mu sauko na ɗauko gwangwanin fenti na rubuta lambar wayata a bayan kowane faranti. Haka kowa ke yi a sana'ar. In abu ya lalace a san wanda za a nema, in baƙo ya ga aikin ya burge shi ya samu inda zai kira. Rabin ayyukana ta wannan hanya suka zo.

Tun a lokacin alamu sun fara. A ƙauyuka sai mai gida ya ja ni gefe ya ce kada a ɗora masa a kan rufi, a kafa a ƙasa cikin gida, bayan rumbu. Faranti yana ƙyalli, ana hango shi daga nesa, kuma mutanen daji suna ɗauka duk gidan da ke ƙyalli akwai abin ɗauka a ciki. Na sha kafa faranti a inda na san inuwar katanga za ta cinye masa rabin yini, ban yi gardama ba. Muka daina fita da sassafe, sai motocin haya sun fara wucewa mun ji labarin hanya. Muka daina kaiwa la'asar a ƙauye. In muna kan rufi muka ji ƙarar mashina da yawa a tare, ba ma tsayawa tattara kayan aiki.

Shekarar da aka hana sayar da mai a jarka ita ce muguwar shekararmu. Kasuwannin ƙauye suka tsaya, aiki ya yi ƙasa, su kuma na daji janaretocinsu suka zama kwalliya, sai idonsu ya dawo kan sola. Suka shiga ƙauyen nan na bayan 'Yandoto da rana tsaka. Abin da suka yi wa mutane ba zan maimaita shi a nan ba. Da za su tafi suka kwance farantan rijiyar, suka ɗaure a mashina. Matan da suka rage suka koma rafi.

Bayan wani lokaci, ina shago ina gwada wani batir, wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Na ɗauka da murna, ina zaton aiki ne.

“Kai na mai sola?”

“Ni na. Da wa nike magana?”

“Ba ka san ni ba. Lambarka munka gani bayan hwaranti. Muna da aiki, ka taho ka haɗa muna.”

Na tambaye shi a wane gari. Ya yi wata 'yar dariya.

“Inda kayanka suke. Waɗanda ka kahwa ga rijiya, yanzu suna hannunmu. Ka taho, ba mu taɓa ka.”

Na zauna a kan batirin. Na ce masa ba ni da lafiya, ba na iya tafiya. Ya ce, “To, Allah shi ba ka lahiya. Mun san shagonka.” Ya kashe.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, ba zan ɓoye muku ba. Na kai rahoto inda ya kamata, aka ce kada in fita daga Gusau. A ranar na kira Lawali na gaya masa komai, na ce ya daina bin hanyar 'Yandoto. Ya ce, “Kai suka nema, mai wutar da ba a gani. Ni mai walda mi za su yi da ni?” Ya ce ga iyali, ga aiki ya yi ƙaranci, ba zai zauna a gida ba. Gaskiyarsa ce, nima ban daɗe a zaune ba. Na daina zuwa gabas, na koma bin ayyukan Bungudu kawai.

Ina bakin gulbi a Bungudu ina haɗa wa wani mai tumatir famfo, rana ta take tsaka, lambar nan ta sake kira. Na tsaya ina kallonta har ta kusa katsewa, sannan na ɗauka.

“Tunda ba ka da lahiya, mun samu mutuminka. Ga shi.”

Sai na ji numfashi, sannan muryar da na sani tun muna yara.

“Isa, ni na, Lawali. Ga hanya sunka tare mu, ina ɗauke da ƙarahuna. Wani cikinsu ya gane ni, ya ce tare da ni anka kahwa na rijiya. Na hwaɗa musu ni ƙarhe na sani, ba su yarda ba. Sun ce in haɗa musu wuta.”

Mutumin ya karɓe wayar. “Ka hwaɗa mishi yadda zai yi. In ta kama, to. In ya ƙone muna kaya, kai ka san sauran.”

Na bar gonar, na gangara inda ba kowa, na durƙusa a kan yashi. Na ce Lawali ya gaya mini abin da ke gabansa. Ya ce batiran babbar mota biyu, tsofaffi, da ƙaramar kwantirola irin ta gida, da farantan rijiya. Ya ce ya riga ya jona farantan ɗaya cikin ɗaya yadda ya ga na yi a rijiya, ga bakin wayar a hannunsa, zai sa a kwantirola.

“Kada ka sa!” Na yi ihu har mai tumatir ya ɗago kai daga nesa. Wutar da ta ishi famfon burtsatse, in ta shiga wannan ɗan akwatin da tsakar rana, ƙiftawar ido ta ishe ta ta gasa shi. Na ce ya ajiye wayar a ƙasa a hankali, kada bakunan su haɗu, kada ya taɓa tagullar. Na ce ya roƙe su buhuna ko bargo a rufe fuskar kowane faranti. Na ji ɗayansu yana cewa wannan wane irin wasa ne, ana neman rana ana rufe ta. Lawali ya ce, “Haka maigidana ya ce.” Tunda muke bai taɓa kirana maigidansa ba sai ranar.

Suka rufe. Na sa ya raba farantan, ya ware biyu kawai. Ba shi da mita ta gwada wuta, ba shi da sukundireba, wuƙa suka ba shi. Na ce, “Lawali, ka duba bakin wayoyin. Akwai wadda na naɗa wa jan salatif?” Ina jin yana jan wayoyin a ƙasa. Ya ce, “Akwai. Ya koɗe, amma shina nan.” Na ce ja da ja zai haɗa, waɗanda ba su da salatif su ma ya haɗa su waje ɗaya. Na ce kafin wannan, batir tukuna. Ya ce wuƙar tana zamewa daga kan ƙusar. Na ce ya ɗauka walda yake yi, ya riƙe numfashi ya murɗa.

Ya jona batir. Ya ce ɗan gilashin kwantirolar ya kawo haske. Na ce Alhamdu lillahi, yanzu faranti, ja a ramin da ke da alamar ƙari. Na sa ya maimaita mini abin da ya yi tun daga farko, ya maimaita. Na sa ya sake. Mutumin ya daka tsawa ya ce mun cika surutu. Na ce, “To Lawali, ka yi bisimilla ka janye buhun.”

Sai layin ya katse.

Na kira, ba ta shiga. Na sake kira, ba ta shiga. Ban san ko sabis ne ya ɗauke ba, ko hayaƙi ne ya tashi. Na zauna a kan yashin nan ina bin aikin a kaina, ko na manta wani abu, ko salatif ɗin da ya gani ba nawa ba ne, ko kwantirolar dama matacciya ce. Aka kira azahar a cikin gari, na yi alwala a gulbi, na yi sallar da ban san abin da na karanta a cikinta ba. Ina sallamewa wayar ta yi ƙara.

“Ta kama,” in ji mutumin. Ina jin hayaniya a bayansa, ana rige-rigen jona wayoyi. “Kai, kun iya aiki.”

Na ce, “To don Allah ku sake shi. Shina da iyali, ga tsohuwa.”

Ya ce, “In mun sake shi, wa za ya gyara muna in ta lalace?”

'Yan'uwan Lawali sun bi duk hanyar da ake bi. Amsa ɗaya ake ba su: wannan ba na sayarwa ba ne, ma'aikaci ne. Ni kuma duk kiran da aka yi mini sai na kai rahotonsa, amma bakin mutane bai tsaya ba. Aka fara raɗe-raɗin cewa Isa mai sola yana waya da mutanen daji. A ƙasar nan kun san abin da wannan magana ke jawo wa mutum. Wasu masu ba ni aiki suka janye, wasu in sun gan ni a masallaci sai su matsa. Na sayi sabon layi don aiki, amma tsohon ban kashe shi ba.

Ban kashe shi ba saboda duk lokacin da wutarsu ta samu matsala, sai su kira, su miƙa wa Lawali. Ranar da ƙura ta rufe farantai wuta ta ragu, na ji muryarsa. Ranar da fis ya ƙone, na ji muryarsa. Ranar da ruwan batir ya ƙafe, na ji muryarsa. Abin da zan faɗa a jimla biyu sai in ja shi, in sa ya duba abin da na san lafiyarsa ƙalau, shi kuma a tsakanin magana ya jefa, “Inna fa?” In ce, “Lahiya lau, ka duba ɗaya wayar.” A kira na ƙarshe na gane ya riga ya iya aikin. Tambayar da ya yi mini ya san amsarta sarai. Ya dai ce musu sai ya tambayi maigidansa ne don in ji yana raye.

A cikin watannin nan na ɗauki tsumma da fetur na bi duk gidan da zan iya kaiwa, a Gusau da Bungudu da cikin garin Tsafe, ina goge lambata daga bayan farantai. Na cire allon shago. Na bi abokan sana'a ina roƙonsu su goge nasu, wasu suka ji, wasu suka ce talla ce, ba za su iya ba. Ku dai in kun fara naku aikin, ku ba mai gida lambarku a baki, ya sa a wayarsa. Kada ku rubuta ta a jikin abin da za a iya ɗaurawa a mashin.

Tun ina yaro a gaban Malam Bawa addu'ata ɗaya ce, kada aikina ya lalace a hannun mai shi. Yanzu akwai aiki guda da nake roƙon Allah ya lalata shi kullum. Na san batiran nan, tsofaffi ne tun ranar da aka jona su. A sanina ya kamata a ce sun mutu tun bara. Damina ta wuce, wata ta shigo, ba a kira ba. Matar Lawali takan aiko ƙaninta ranar Juma'a ya tambaya, in ce masa ya gaya mata aikin ne ya yi ƙarko, ko kuma Lawali ya ƙware ba ya buƙatata. Ban san ko ta yarda ba. Nima ina faɗa ne don in ji da kunnena.

Kun ga ƙaramar wayar can da ke rataye a ƙusa, wadda kuke tsokanata wai ta tsufa? Ita ce. Faranti guda na ware mata a kan rufin nan, ba ta taɓa mutuwa ba. Kafin in koya muku fere waya, ga aikinku na farko a shagon nan. In ta yi ƙara ba na kusa, wanda ya fi kusa da ita ya ɗauka. Kada ya tambayi ko wane ne, kada ya ce ba na nan. Ya ce, “Ga shi nan zuwa,” ya riƙe layin, ɗayanku ya ruga ya nemo ni duk inda nake.